Ƙwaƙwalwar Mai Kan Guduma

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake. Ka gaishe min da Umma da Anti matarka da 'yan biyunku. Ya ƙafar Umma? Ka riƙa tsayawa a kanta har ta haɗiye maganin, ka san halinta.

Rannan a waya ka ce wai shekara bakwai na yi a jami'a don in ƙare a fawar kifi, kafin in rama sabis ya ɗauke. A nan sai an hau kan tankin ruwa ake samun magana, shi ya sa na koma takarda. To saurara, mahauci.

Ɗakin bincikenmu yana bakin teku, kusa da gadar da jiragen masunta ke tsayawa. Ɗaki biyu ne, da teburin ƙarfe, da firji mai ƙara kamar injin niƙa, da kanta huɗu cike da kwalabe. Kifin shak nake yi wa aiki, wannan babban kifin teku mai cin nama, amma kansa kaɗai nake buƙata. Ƙoƙon kansa guringuntsi ne, babu ƙashi, don haka ba a sara. Feƙewa ake yi daga sama, kaɗan-kaɗan, har ƙwaƙwalwa ta leƙo. Sai in tsoma ta a wani ruwan magani mai yaji da ke hana nama ruɓewa. In ta yi tauri in yayyanka ta siri-siri, takardar nan ma ta fi ta kauri, in duba a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa.

Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwar nake bi. Malaman zamanin da sun ce shak hanci ne da haƙora kawai, wai duk gaban kansa na jin warin jini ne. Ashe wari ɗan gefe kawai ya ci. Sauran wurin yana karɓar abin da ido ya gani, da shi kifin ke koyo, da shi yake tuna hanya. Kakannin kifayen nan sun riga itatuwa zuwa duniya, amma in ka duba yadda gaban ƙwaƙwalwarsu ya rarrabu, sai ka ga harsashin gini irin na cikin kanka da nawa. Farfesa, wato shugabar aikinmu, so take mu gano wane ɓangare ne tsoho, wanne ne ya ƙaru daga baya.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta jira. In kifi ya daɗe da mutuwa sai ta saki ta zama ruwa-ruwa. Wani tsohon masunci, Baba Kyaftin, shi ke cetona. Duk shak ɗin da ya mutu a ragarsa, sai ya sa kan a ƙanƙara ya kawo min yana haki. Likitar Matattu yake kirana.

Akwai kuma wasu mutane da kowa ke sunkuyar da kai in sun wuce. Su fiffiken shak kawai suke so, ana fitar da shi waje. Doka ta hana, amma ba mai tanka musu. Shugabansu ana ce masa Guntun Kunne. Jiya ya tsaya a ƙofarmu yana kallona ina aiki, ya ce, "Ke kai, mu fiffike, ashe abokan sana'a ne." Ya yi dariya shi kaɗai.

Ka aiko min da dutsen wasa wuƙa irin naka, na nan duk na banza ne. A huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, kowa lafiya. Umma tana shan magani in ina tsaye, in na juya baya Allah kaɗai ya sani.

Na karanta wa yaran shago wasiƙarki, sun ce ashe ke ma tamu ce, sai dai ke kina yanka abin da ba a ci. Ni shekara ashirin ina fasa kan sa ban taɓa tsayawa na tambaye shi abin da yake tunawa ba. Batun cewa kaina da na kifi harsashi ɗaya ne kuma, Anti ta ce ta daɗe da sani.

Ga dutse nan na ba direba. Ki jiƙa shi tukuna, kuma kada ki danne wuƙar, ki bar ta ta yi tafiyarta.

Yanzu maganar gaskiya. Wannan mai kunnen bai kwanta min ba. Na san irinsu, muna da su a mayanka. Mutum ba ya tsayawa a ƙofar mace yana dariya don kifi. Ki yi aikinki ki rufe bakinki. Tun kina ƙarama ba kya iya ganin abu ki wuce, sau nawa na ci duka a makaranta saboda bakinki? Yanzu ba na kusa.

Ki gaishe da tsohon. Allah ya tsare.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Dutse ya zo, na gode. Kada ka karanta wa kowa wannan, Umma ma ka ce mata ina lafiya kawai.

Ban bi maganarka ba.

Sati biyu da suka wuce Baba Kyaftin ya jawo wata shak a gefen jirginsa, irin mai kan guduma, wadda idanunta ke can ƙarshen kai hagu da dama. Ta fi ka tsawo sau ɗaya da rabi. A kan ruwa ya tsince ta tana juyawa. An yanke mata fiffiken baya da na gefe biyu da ƙasan wutsiya tana da rai, aka jefar da ita. Da aka ɗora ta a gada tana buɗe baki tana rufewa, jini yana bin tsagin katako. Ni na ƙarasa ta da hannuna, don ban iya ci gaba da kallo ba.

Da na buɗe cikinta sai ga 'ya'ya ashirin da uku, kowane kamar tsawon hannuna, da cibiyarsa. Yaya, irin wannan kifin yana cikin waɗanda gaban ƙwaƙwalwarsu ya fi girma, kuma a ɗan tayi ne ake ganin yadda ɓangarorin ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Farfesa ta ce shekara goma sha biyu tana neman ko guda ɗaya. Mun kwana biyu muna aiki, ina kuka ina murna, ban san wanne ya fi ba.

Kowace kwalba sai an rubuta mata rana da wuri da dalilin mutuwa. A bakin uwar akwai ƙugiya da guntun igiya mai jan fenti, kuma duk gadar nan an san jiragen da ke shafa wa igiya jan fenti. Na ɗauki hoto, na rubuta abin da na gani, na kai ofishin masu kula da kamun kifi. Farfesa ta ce in jira mu yi shawara. Ban jira ba.

Kwana uku kacal, takardar da na kai da hannuna ta koma hannun Guntun Kunne. Ban san wanda ya ba shi ba.

Shekaranjiya da rana tsaka, gada cike da mutane, suka tare Baba Kyaftin yana sauke kwando. Su biyar. Ɗaya ya maka masa filafilin tuƙa jirgi a baya ya faɗi, suka bi shi da ƙafa, a ciki, a fuska. Na fito da gudu, wata mai sayar da ƙanƙara ta riƙe ni ta baya ta toshe min baki. Suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan kututturen da ake sare kifi. Guntun Kunne ya ɗaga takardata sama ya ce, "Wannan hannun ne ya jawo abin da ba nasa ba." Ya sare masa yatsu uku da adda, ya shure su cikin ruwa. Mutum ya fi ɗari a wurin, ba ka jin komai sai ƙarar tsuntsaye.

Da suka tafi na ɗaure hannun da ɗankwalina muka kai shi asibiti a baro. A hanya yana ce min, "Likita, kar ki yi kuka, ai biyu sun rage na riƙe kofin shayi." Matarsa ko kallona ba ta yi ba, kuma ban ga laifinta ba.

'Yan sanda sun zo sun rubuta, sun tambayi shaidu, kowa ya ce yana cikin jirgi lokacin. Ni kaɗai na ba da suna.

Kada ka zo. Na san ka, shi ya sa nake roƙonka. Ka yi mana addu'a kawai.

Auta

*

Zuwa ga yayan ma'aikaciyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce shugabar ɗakin binciken da ƙanwarka take aiki. Ta hana ni sanar da kai, amma na ga bai halatta in ɓoye wa danginta ba. Da farko dai tana raye, kuma likitoci sun ce babu fargaba a kan ranta.

Ranar Talata da hantsi, ina ofishin 'yan sanda ina bin maganar masuncin da aka raunata, mutum uku suka shiga ɗakin bincike suka same ta ita kaɗai. Sun kifar da kantoci huɗu. Aikin shekara goma sha biyu ya tarwatse a ƙasa, suka bi shi da takalmi. Ta tare ƙofar firji inda muka ajiye 'ya'yan kifin nan, shugabansu ya kama gashinta ya buga kanta da teburin ƙarfe sau biyu. Ta kai hannu ta samu wuƙar aiki ta tsaga masa damtse. Shi kuma ya ɗauki kwalbar ruwan da muke adana nama a ciki ya watsa mata a fuska.

Ruwan nan yana ƙona ido. Ta rarrafa zuwa famfo ta sa fuskarta a ƙarƙashi, wannan ne ya ceci idon dama. Na hagu likitoci ba su ba mu tabbaci ba. Akwai kuma karaya a haƙarƙari biyu.

Na rubuta ƙara da sunana, na kai har babban ofishi, ba zan janye ba. Ina ɗaukar alhakin barinta ita kaɗai a ranar. Ina roƙonka, in za ka zo, ka zo da mahaifiyarku ko da maiɗakinka, domin jinya take buƙata. Maganar waɗancan mutane a bar wa hukuma.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku haƙuri. Na gode.

Farfesa

*

Auta,

Salam. Ya jiki? Ya idon? Anti za ta kawo miki wannan hannu da hannu, ki karanta ki yaga.

Ina lafiya. Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin kurkukun, ba wanda ya taɓa ni. Abincin ne dai, ko karen mayanka ba zai kalle shi ba.

Ina so ki san ban zo da niyya ba. Wuƙaƙena duk na bar su a shago, ki tambayi yara. Da na shigo ɗakin asibiti na ga fuskarki, wallahi ban gane ki ba sai da kika ce Yaya. Ni na goya ki zuwa makaranta ranar farko. Na fita don in sha iska ne kawai, sai ƙafata ta kai ni gada. Ban san kin biyo ni da zanin asibiti ba.

Ban sha wahalar nemansa ba. Yana zaune a kan kwando da bandeji a damtse yana ba da labari ana dariya. Na ce kai ne Guntun Kunne? Ya ce wa ke tambaya? Na ce yayan likita. Ya miƙe ya zaro adda. Akwai ƙarfen fasa ƙanƙara a jingine, na ɗauka. Sauran kin gani.

An ce bai mutu ba. To.

Lauyan da Anti ta samo ya zo jiya. Ya ce masunta duk sun ce ba su ga komai ba, yaran Guntun Kunne kuma sun gudu tunda hukuma ta fara kama jiragensu. Ke kaɗai ce shaidar da za ta tsaya. Ya ce in kin ce da adda a hannunsa har lokacin da ya faɗi, kare kai ne, zan iya fita kafin 'yan biyu su gama zangon karatun nan. In kin ce wani abu daban, shekaru ne. Ya ce ido ɗaya gare ki ranar, kuma a kumbure, ba wanda zai matsa miki.

Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki duba Umma, ki duba yaran nan.

Ki riƙa sa maganin idon a kan lokaci. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da wannan hali. Anti ta kawo saƙo. Umma tana nan wurina, ita ke sa min magani yanzu, har tana yi min faɗa in na makara. Idon hagu ya tafi, likita ya faɗa min ranar Alhamis. Na dama yana gani sarai.

Kuma ranar nan ma ya gani sarai, Yaya. Abin da ya hana ni amsa maka kwana tara ke nan.

Gaskiya ne shi ya fara zaro adda. Ka doke hannunsa, addar ta yi tsalle ta faɗa ruwa, na ji ƙarar faɗawarta. Ka doke gwiwarsa ya durƙusa. Ya ɗaga hannu biyu sama, babu komai a cikinsu. Na ƙwala maka kira. Ka riƙe ƙarfen da hannu biyu ka sauke masa a goshi, yadda na sha ganin kana yi wa sa. Ya kife. Ka juya shi da ƙafa ka ƙara masa a wuri ɗaya. Sai da mutum huɗu suka rufe ka.

Ɗakinsa yana ƙarshen barandar da nake. Na yi kwana biyar ina wucewa ban leƙa ba. Rana ta shida likitan da ya yi masa aiki, da ya ji sana'ata, ya ɗora hoton kansa a jikin fitila ya nuna min. Da ma bai nuna ba. Wani zai ga baƙi da fari ne kawai, ni kuwa na san sunan kowane lungu. Ƙashin goshi ya shige ciki ya dame gaban ƙwaƙwalwa hagu da dama. Jijiyoyin jin wari sun tsinke. Wurin da mutum ke shirya abin da zai yi gobe, da wurin da ke hana shi abin kunya, duk sun tafi. Wata uku ina feƙe kan matattun kifaye a hankali don kada in ƙwarzane wannan wurin, ban taɓa ganin an yi masa haka ba.

Na shiga. Yana zaune a gado yana murmushi, miyau yana zuba. Matarsa tana ba shi abinci a cokali, ga 'yarsa 'yar shekara shida tana riƙe da kofi. Ya dube ni da bandejina ya ce, "Sannu baiwar Allah, wa ya yi miki haka?" Ba gatse yake ba, bai sani ba. Yarinyar ta ce, "Baba, sha ruwa," ya tambayi matar ko 'yar wace ce. Ya yi fitsari a zaune yana dariya.

Kada ka ɗauka na yafe masa. In na tuna hannun Baba Kyaftin a kan kututture, har yanzu sai in ji da ma ni na riƙe ƙarfen. Ranar da ka buga na farko, wani abu a ƙirjina ya ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma wanda ya yi mana wannan abin ba ya cikin gadon nan, ban san wa ke ciki ba.

Baba Kyaftin ya zo duba ni. Na ba shi labarin abin da lauya yake so. Ya dubi hannunsa, ya ce, "Ranar tawa mutum ɗari suka ce ba su gani ba, ke kaɗai kika ce kin gani. Ni ba zan ce miki komai ba."

Farfesa ta tsinci 'ya'yan kifi huɗu da suka gangara bayan firji ba a taka su ba. Ta kawo min yanka na farko in duba, na kasa.

An sa zaman kotu ranar Litinin ta sama. Za a rantsar da ni. Na gwada faɗin maganar lauya ni kaɗai a banɗaki, ta ƙi fita. Na gwada faɗin ɗayar, ita ma ta ƙi, don fuskar 'yan biyu nake gani. Saboda ni ka shiga wannan, da bakina da takardata. Ba izini nake nema ba, kuma ban yanke komai ba. Na dai ga bai kamata ka fara jin abin da na gani a gaban alƙali ba.

Allah ya sassauta mana. Ina sonka, ka sani.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta sau uku.

Akwai abin da ba ki ji ba saboda kina nesa. Da ya durƙusa ya ce, "Don Allah, ina da yarinya." Na ji shi sarai kafin in sauke ƙarfen. Ban faɗa wa lauya ba, ban faɗa wa Anti ba. Tun ranar nake jinsa.

Ki faɗi abin da kika gani. Wannan kuma ni zan faɗa da bakina.

Kada ku bar Umma ta zo kotu. Ki ce wa 'yan biyu babansu ya yi laifi ne, kada a ce musu tafiya na yi.

Sai Litinin.

Yayanki